Jaap Eden: Zakaran Ƙanƙara Da Keke Da Ya Mutu Hannu Rabbana

Sau uku Jaap Eden ya zama zakaran duniya a tseren zamiya a kan ƙanƙara, a shekarun 1893 da 1895 da 1896. Sau biyu kuma ya zama zakaran duniya a tseren keke, a 1894 da 1895. Har yau babu wani namiji da ya haɗa kambun duniya a waɗannan wasanni biyu in ban da wannan ɗan ƙasar Holan. Mata ne suka maimaita bajintar daga baya, irin su Sheila Young ta Amurka da Christa Rothenburger ta tsohuwar Jamus ta Gabas. Duk wannan ya kammala shi ne kafin ya cika shekara 23 da haihuwa. Shekaru kusan talatin da suka rage masa bayan nan gangara ce, ta kai shi ga mutuwa cikin talauci yana da shekara 51.

A wannan yanki na duniya, inda hunturu komai tsananinsa bai wuce faso a ƙafa da bushewar leɓe ba, da sauƙi a ɗauki gudu a kan ƙanƙara a matsayin wasan masu ƙoshi. Asalinsa kuwa sufuri ne. Duk wanda ya san gaɓar Kogin Kwara a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda kogin ke shigowa Najeriya bayan ya ratsa tsakanin Gaya ta Nijar da Malanville ta Jamhuriyar Benin, ya san cewa ga ɗan kasuwan Lolo ko Illo ruwa hanya ce. Kwalekwale shi ne motarsa, a cikinsa albasa da busasshen kifi da shinkafa suke isa kasuwa. Haka Holan take, har ma ta zarce: kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarta ya fi teku kwari, kuma an tsattsaga ta da hanyoyin ruwa da mutane suka haƙa da hannunsu, suna haɗa gari da gari, gona da kasuwa. Bambancin shi ne idan sanyi ya yi tsanani ruwan kan sandare ya koma kamar dutse, jirage su tsaya cik. Sai a ƙaddara Kwara ta wayi gari a daskare daga Lolo har Yawuri, masu jirage sun ɗaure, kaya kuma na jiran ranar kasuwa.

Dabarar da mutanen Holan suka yi tun ɗaruruwan shekaru ita ce ɗaura wa takalmi wani katako mai siririn ƙarfe a ƙasa, kamar kaifin wuƙa. Saman ƙanƙara yana da ɗan danshi mai santsi, gogar ƙarfen kuma tana ƙara narkar da shi, don haka mutum kan tura ƙafarsa gefe, ya duƙa, ya zame mai nisa da taku ɗaya. Da haka manomi ke kai kaya kasuwa, da haka ake ziyarar dangi a wani gari. Inda kuwa mutane ke bin hanya ɗaya, ba a rasa masu cewa zo mu gwada. A lardin Friesland na arewacin ƙasar tseren gajeren zango na mita 160 ya zama babban taro, har akan shirya wa talakawa nasu a lokacin da sanyi ya hana aiki, a raba musu kayan abinci a matsayin lada.

An haifi Jacobus Johannes Eden a birnin Groningen ranar 20 ga Oktoban 1873. Mahaifiyarsa ta rasu sakamakon haihuwarsa. Mahaifinsa, malamin koyar da motsa jiki, bai iya riƙon jariri shi kaɗai ba, sai aka kai yaron wurin kakanninsa da ke da masaukin baƙi a Santpoort, kusa da birnin Haarlem. Wurin bakin teku ne mai jigayin rairayi, a kansu yaron ya tashi yana guje-guje da rani, da sanyi kuma ya koma kan ƙanƙara. Yana ɗan shekara 15 wani tsohon gwanin tsere mai suna Klaas Pander ya ga tafiyarsa, ya jawo shi jiki ya fara horar da shi. A Disambar 1890 ya yi nasararsa ta farko da aka lura da ita, a tseren mita 160 na gargajiya. Cikin wannan sanyin, yana da shekara 17, ya shiga gasar duniya ta 1891 a Amsterdam, wadda Joe Donoghue na Amurka ya lashe. Eden ya zo na uku a rabin mil, na huɗu a mil guda.

Ya taso ne daidai lokacin da wasan ke fita daga hannun taron ƙauye yana shiga hannun agogo. Kafin nan kowace ƙasa da ma'auninta, wasu mil, wasu mita, kowane gari kuma na iya kiran gwaninsa zakaran duniya ba mai ja. A 1892 wakilan ƙasashen Turai suka hallara a Scheveningen, bakin tekun Holan, suka kafa ƙungiyar duniya ta wasannin ƙanƙara, ISU, da Pim Mulier, wani ɗan masu hali mazaunin Haarlem, a matsayin shugabanta na farko. Suka tsayar da zango huɗu: mita 500 da 1,500 da 5,000 da 10,000. Suka kuma kafa wani sharaɗi mai tsauri, cewa ba za a kira kowa zakara ba sai ya zo na ɗaya a uku daga cikin huɗun. Idan ba a samu ba, a tashi babu zakara a wannan shekara. Sharaɗin yana neman mutum ya haɗa abu biyu da ba kasafai suke zama a jiki ɗaya ba, zafin naman mai gajeren zango da numfashin mai dogon zango. A cikin kayan aiki ma sauyi ya zo, domin 'yan Nowe sun fito da takalmi mai dogon siririn ƙarfe da ke manne da shi, wanda ya fi katakon da ake ɗaurewa da igiya gudu, kuma a wancan lokacin su ake tsoro.

Gasar farko a ƙarƙashin sababbin dokokin an yi ta ne ranakun 13 da 14 ga Janairun 1893, a filin da ke bayan babban gidan tarihi na Amsterdam. Kwana biyu kafin nan Eden ya yi mita 1,500 cikin minti 2 da daƙiƙa 35 a gasar ƙasa, lokacin da ISU ta rubuta a matsayin tarihin duniya na farko a wannan zango. A gasar duniyar kuwa babban abokin karawarsa shi ne Oskar Fredriksen na Nowe. Sun yi kunnen doki a zagayen share fage na mita 1,500, Eden ya doke shi a na ƙarshe. A mita 5,000 ya bar na biye da shi da kusan rabin minti, Fredriksen ma bai kai ƙarshe ba. Washegari ya ci mita 500, uku suka cika, kambu ya tabbata tun kafin a yi zango na huɗu. A mita 10,000 ɗin sai zakaran ya faɗi tun a farkon tseren, ya fice, ya bar wa Fredriksen fili. Bai rage masa komai ba. Yana da shekara 19 ya koma Haarlem, gari ya fito tarbarsa.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi ban mamaki a rayuwarsa, ko da yake bai ci kambun ƙanƙara a cikinta ba. Ya tafi garin Hamar na Nowe, a gaɓar tafkin Mjøsa, inda ƙanƙara ba ta yaudara kamar ta Holan, ya yi atisaye a can. A gasar duniya ta Stockholm a Fabrairun 1894 ya kafa sabon tarihi a mita 10,000, minti 19 da daƙiƙa 12.4, amma bai haɗa ukun da doka ta nema ba, wani ma bai haɗa ba, aka watse babu zakara. Makonni biyu bayan haka, ranar 25 ga Fabrairu, a gasar Turai a Hamar, ya yi mita 5,000 cikin minti 8 da daƙiƙa 37.6.

Wannan lokaci ya cancanci a tsaya a kansa. Lissafinsa ya kama kusan kilomita 35 a sa'a, da ƙafar mutum, a sarari, iska na kaɗawa, a kan ruwan da sanyin Allah ya daskarar ba inji ba. Shekara 17 aka yi manyan gwanayen Nowe da Rasha da Suwidin suna bugun wannan ƙofa ba ta buɗe ba, sai a 1911 Nikolai Strunnikov na Rasha ya rage daƙiƙa 0.4 kacal. A wasan da kayan aikinsa da horonsa ke inganta kowace shekara, samun lokacin da zai daɗe haka alama ce ta mutumin da ya riga zamaninsa. Shekara ɗari cif bayan haka, a Fabrairun 1994, a wannan garin na Hamar, Johann Olav Koss na Nowe ya ci zinare a gasar Olamfik ta hunturu a zango ɗaya, cikin minti 6 da daƙiƙa 34.96. Shi kuwa ya yi nasa ne a cikin rufaffen zaure, a kan ƙanƙarar inji mai sulɓi kamar madubi, sanye da kaya masu yanka iska. Ƙarni guda na ilimi da kuɗi minti biyu da 'yan daƙiƙu ya iya ragewa daga abin da marayan Santpoort ya yi.

A 1895 gasar duniya ta zo Hamar, wurin da ya riga ya zama gidansa na biyu. Fredriksen ya ɗauki mita 500, Eden ya kwashe sauran ukun, tare da sababbin tarihi biyu: minti 2 da daƙiƙa 25.4 a mita 1,500, da minti 17 da daƙiƙa 56 a mita 10,000, wato ya zabge fiye da minti guda daga lokacinsa na bara. A 1896 a birnin St. Petersburg na Rasha bai bar wa kowa komai ba, zango huɗun duka ya cinye.

Keke kuwa da farko abin rani ne a wurinsa, lokacin da babu ƙanƙara. Cinyar da ke tura takalmin zamiya ita ce ke taka feda, shi ya sa har yau masu tseren ƙanƙara ke atisaye da keke. A shekarun 1890 keken zamani mai ƙafafu daidai da tayar iska sabon abu ne, Turai kuma ta haukace a kansa, ana gina filayen tsere masu zagaye a manyan birane. A gasar duniya ta Antwerp a ƙasar Beljiyam a 1894 Eden ya ci kilomita 10, ya zo na biyu a gajeren tsere bayan August Lehr na Jamus. A 1895 a birnin Cologne na Jamus ya ɗauki gajeren tseren. Da sanyi zakaran ƙanƙara, da rani zakaran keke, a shekara ɗaya. Sunansa ya shiga kowane gida a Holan, ana iya cewa shi ne ɗan wasa na farko da ƙasar gaba ɗaya ta sani.

Amma lambar yabo ba ta zuwa cefane. Dokar wancan zamani ta raba 'yan wasa gida biyu: masu yi don sha'awa, waɗanda ba a yarda su karɓi kuɗi ba, da masu cin abinci da wasan, waɗanda ake kallo kamar 'yan ƙwadago. Manyan gasannin ƙanƙara na ISU na rukunin farko ne kawai. Waɗanda suka rubuta dokar mutane ne masu gado da ofis, ba ta taɓa aljihunsu. Eden ba shi da gado, ba shi da sana'ar hannu, ƙafafunsa su ne jarinsa, jarin da ya san ba ya daɗewa. A 1896, bayan kambunsa na uku, ya zaɓi kuɗi, ya zama ƙwararren mai tseren keke, ya nufi Faransa, inda kasuwar wasan ta fi ci. Da wannan zaɓi ya rufe wa kansa ƙofar gasar ƙanƙara yana kan ganiyarsa. Kambun 1897 ya tafi ga Jack McCulloch na Kanada, na 1898 da 1899 kuma ga Peder Østlund na Nowe, wanda daga baya ya goge tarihin Eden na mita 10,000 a Davos a 1900.

Birnin Paris da ya shiga wa kuwa birni ne da ke shan daɗin daularsa. A nan ne, a watan Yunin 1898, wakilan Ingila da Faransa suka sa hannu a yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen tserensu a ƙasar Borgu, suka ja layin da ya bar Illo a hannun Ingilishi, Nikki kuma a hannun Faransawa. Wannan layi shi ne tushen iyakar da 'yan kasuwan Tsamiya da Lolo ke tsallakawa a yau. Sarkin Musulmi Abdurrahman na Sakkwato a lokacin, Sarkin Kabi Sama'ila na Argungu. Masu cika filayen keke na Paris ba su da labarin wannan, su dai a ba su gwani su yi masa tafi.

Eden ya samu kuɗi masu yawa a farkon shekarunsa na ƙwararre, ya kuma kashe su da saurin da ya same su. Dama tun yana ɗan sha'awa an san shi da son taba sigari da shaƙatawa, baiwarsa ce ke rufe masa asiri. A tsakanin ƙwararru kuwa kowa gwani ne, kowa kuma da yunwarsa ya zo, baiwa kaɗai ba ta isa. Giya da daren Paris suka fara cin ƙafafun, nasara ta riƙa ja da baya, bai sake zama zakaran duniya ba. Ya ci gaba da hawa keke shekara da shekaru, daga manyan filaye zuwa ƙanana, ana zuwa kallon sunan fiye da mutumin, har zuwa wajen 1915.

Labarin ba baƙo ba ne ga wanda ya san dandalin dambe da kokawa. Gwani kan fito daga fili an lulluɓe shi da kari, makaɗa na wasa shi, abokan cin mushe na biye, babu ko mutum ɗaya a cikinsu da zai ce a sayi gona ko a ɗaure saniya. Ranar da ƙashi ya yi sanyi sai a nemi taron a rasa. Za a iya ɗora wa Eden laifin kansa, kuma yana da kaso mai yawa, domin ba wanda ya ɗura masa kwalba. Sai dai tsarin da ya tashi a ciki shi ma bai wanku ba: ya karɓi ƙuruciyarsa kyauta a lokacin da ya fi kowa a duniya, ya sallame shi ranar da ya nemi lada, bai tanadar masa komai ba na ranar tsufa.

Da ya dawo gida ya gwada sana'o'i, har da shagon kekuna, babu wadda ta ɗore. Ƙasar da ta taɓa ɗaukarsa a kafaɗa ta shiga wasu harkokin, ga Yaƙin Duniya na Ɗaya da ya tsuke rayuwa ko a Holan da ba ta shiga yaƙin ba. A Janairun 1924 aka buɗe gasar Olamfik ta hunturu ta farko a Chamonix ta Faransa, zinaren farko da aka bayar a tarihinta kuma na tseren ƙanƙara ne, mita 500, wanda Charles Jewtraw na Amurka ya ci. Holan ba ta tura kowa ba. Eden na raye a lokacin, lafiya ta ƙare, aljihu babu komai. Ya rasu a Haarlem ranar 2 ga Fabrairun 1925, a garin da ya fito tarbarsa shekara 32 da suka wuce. Masoyansa ne suka haɗa kuɗi suka kafa masa abin tunawa a kabarinsa.

Bayan tafiyarsa daga fagen ƙanƙara Holan ta daɗe tana neman magaji. Coen de Koning ya ci kambun duniya a 1905 a Groningen, garin haihuwar Eden, daga nan kuma sai aka yi shekara 56 babu, domin sanyin ƙasar ba shi da alkawari, wata shekara ruwa ya daskare wata shekara ya ƙi, 'yan Nowe da Finlan da Tarayyar Sobiyet kuwa ƙanƙara na ƙofar gidansu. A 1961 Henk van der Grift ya dawo da kambun daga Gothenburg ta Suwidin. A Disambar wannan shekarar aka buɗe fili na farko a ƙasar mai zagayen mita 400 wanda inji ke daskararwa, a Amsterdam, aka raɗa masa Jaap Edenbaan. Daga nan filaye suka yawaita, Holan ta daina jiran sanyi, har ta kai ga kwashe lambobi 23 cikin 36 na wannan tsere a gasar Olamfik ta Sochi a 2014, takwas daga ciki na zinare. Najeriya ita ma ta taka wannan dandali a karon farko a Pyeongchang a 2018, da Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga da Simidele Adeagbo, ko da yake su a wasannin keken zamiya suka fafata.

Tun daga 1972 kyautar da ake miƙa wa gwarzon ɗan wasa da gwarzuwar 'yar wasan Holan na kowace shekara ke ɗauke da sunan Jaap Eden. 'Yan ƙwallon ƙafa da masu ninƙaya da masu tseren mota duk sun karɓe ta.